Godiyar da Ban Yi wa Isyaku Ba

Shekara biyu ke nan da rasuwar Malam Isyaku direba, abokin ɗakina a unguwar Fereej Abdel Aziz da ke Doha. Doha ta cika da baƙin Kofin Duniya, ni kuwa ina tsaye a ƙofar otal ɗin da nake gadi, ina hango fuskarsa a cikin kowane ayari.

Isyaku direban wani injiniya ne ɗan ƙasar Denmark. Bokon Isyaku bai fi nawa ba, amma kunnensa ba ya barin kalma ta wuce. Wata rana ya dawo da guda, yana juya ta a baki kamar alewa: tak. Ya ce godiya ke nan a yaren Denmark, kuma mutanen Norway da Sweden ma da ita suke yi, rubutun ne kawai ya ɗan bambanta. Maigidansa ya faɗa masa tushenta ɗaya da kalmar tunani, wai asalin godiya shi ne ka riƙe mutum a ranka. Da ita suke karɓar shayi, da ita suke cewa sun ƙoshi. Abin da ya fi burge shi, in sun sake haɗuwa da mutum, ko bayan shekara ne, sai sun fara gode masa kan zamansu na ƙarshe.

"Kamar ban-gajiyarmu fa, Alhaji," in ji shi.

Na ce, "Kai dai Bature ya gama da kai. Khalas, ya isa, miƙo min buta."

Da korona ta kwantar da ni, aka keɓe ni a ɗakin ƙarshe na gidanmu. Kullum da safe sai in ji an ƙwanƙwasa sau biyu, in buɗe in tarar Isyaku ya ajiye min kunun gyaɗa a filas. Ranar da na fito, na buɗe baki zan yi magana, sai girman kai ya raɗa min cewa na girme shi, kuma tsakanin aminai ai babu godiya. Abin da na ce kawai shi ne kunun ya cika suga. Ya yi dariya.

Ba a jima ba shi ma korona ta kama shi, motar asibiti ta ɗauke shi. Ba a barin kowa zuwa dubiya. Sau ɗaya ya kira ni, na ce ya daina raki, zai dawo.

Shekaranjiya na buɗe wa wata tsohuwa mai jar riga ƙofa, ta dube ni ta ce tak. Na daɗe riƙe da ƙofar bayan ta wuce. Da Isyaku na nan, da ya bi ta har titi yana tambayar garinsu, ya dawo ya tsokane ni.

Da na tashi aiki na kira matarsa a Funtuwa, na gode mata kunun da mijinta ya dama min. Ta ce, "Ai ni na koya masa ta waya, Alhaji. Kullum sai na ce ya rage suga."

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya dai bar ni da nauyin baki da nake saukewa a hankali, wurin duk wanda ya miƙo min ko da ruwa ne. Allah Ya jiƙan Isyaku. In Ya sake haɗa mu, na san da maganar da zan fara.