Karen da Ke Kwance a Kan Hanya

Bayan shekarun fari na sayi fili a bayan garin Gumel, gefen hanyar Maigatari. Ni tela ne, mutumin Ɗanzomo, kuma na gaji da zaman haya a cikin gari. Kuɗin filin bai kai na keken ɗinkina ba, kuma wannan arahar ce ta fara hana ni sakat. Tun ina ƙarami ban yarda da abin da ya zo da sauƙi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Unguwar ko suna ba ta da shi. Kowane mako sai ka ga an tara tubali a inda jiya akuya ke kiwo. Kullum ana cewa famfo na nan tafe, lantarki na nan tafe, mu dai 'yan garuwa muka sani. Ranar Alhamis manyan motoci su wuce kasuwar Maigatari, ƙofofinmu na langa-langa suna karkarwa. Akwai iska, akwai sarari, mai ɗakina har kuɓewa ta shuka a tsakar gida. Amma a cikin gari in mutum ya gaishe ka, ka san ubansa, ka san kakansa. A nan kowa daga sama ya faɗo. Ga shi ana ta raɗe-raɗin cewa akwai filayen da aka sayar wa mutum biyu, har an tayar da wani bayan ya kai gini linta. Ɗaki biyu da zaure na gina, duk abin da na mallaka yana cikin wannan ƙasa, kuma tsorona ɗaya ne, kada a raba ni da gidan.

Ana nan sai wani magini Badamagare, mutumin tsallaken iyaka, ya sayi filin da ke jikin nawa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, ga gaisuwa har da rusunawa. Ni kuwa mai yawan rusunawa ba ya burge ni. Matarsa ta fara aiko wa mai ɗakina kuka da daddawa, na ce a karɓa amma a buɗe ido.

Bai daɗe da tarewa ba na lura yana yawan zagaya bayan katangata. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya miƙe ya dubi gabas, ya yi taku yana ƙirgawa. Mai gida a gefe me ya kai shi auna bayan gidan wani? Wata safiya ina alwala a jikin katangar na ji shi da ƙanensa a waje. Da kunnena na ji ya ce, “Karen nan na kusa da mu, in ba a yi masa dabara ba, ba zai ga kaka ba.”

Ba ni da kare. Duk layinmu babu mai kare. Na kusa da su kuwa ni ne. Butar ma ban san lokacin da na ajiye ta ba.

Na faɗa wa mai ɗakina. Ta ce in je in tambaye shi mana, ai baki ke yanka wuya, baki kuma ke warware magana. Na ce wanda ya kira ka kare a bayan ido ba zai ce maka malam ba sai a gaban ido. Daga ranar na hana karɓar daddawa.

Da aka fara yayyafin farko ya yi sallama a zaurena. Bayan doguwar gaisuwa ya ce yana so in ba shi izini ya haƙa lambatu, ya faro daga bayan gidansa, ya bi ta bayan nawa har kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini. Ya ce ba ya son ko kwabo. Nan na ce a raina, yauwa, ga dabarar ta fito. Yau rami ne, gobe ramin ya zama iyaka, jibi a kawo shaidu su ce taku huɗun da ke bayan katangata ba nawa ba ne. Na tambaye shi dalili.

“Malam tela,” in ji shi, “karen ne a kan hanya yake kwance.”

“To, karen da ke kwance a kan hanya yana da haƙora,” na ce.

Ya dube ni kamar wanda aka yi wa magana da wani yare, ya yi ɗan murmushi, ya ce Allah ya ba mu alheri. Murmushin nan ya fi komai ƙona mini rai.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga shago na tarar ya haƙa abinsa, har bayan gidana, zurfinsa ya kai gwiwa. Na jira har ya sami aikin gini a Gagarawa Tasha ya tafi na 'yan kwanaki. Ranar Juma'a da hantsi na ari shebur na mayar da ƙasar da ke bayan katangata kaf, na bi da ƙafa na daddanne. Na yi sallar Juma'a ranar raina fes, ina jin na tsare gidana.

A cikin makon aka yi ruwan da tun kafin fari ba a ga irinsa ba. Bayan azahar ya sauko, ina shago a cikin gari. Da ya tsagaita na naɗe wando na nufi gida. Tun daga nesa na ga abin da ban taɓa gani ba: ruwa ja yana gangarowa daga gonakin gabas, ya miƙe sak kamar an shata masa layi, ya nufi gidana. Ashe tsohuwar hanyar ruwa ce. Shekarun fari suka sa aka manta da ita, wanda ya sayar mini kuwa bai manta ba.

Ɗakina na baya ya zauna ƙasa, katangar ta bi shi. Ruwan da ya bi lambatun ya zo ya tarar da inda na toshe, ya taru ya koma baya, ya ci ɗakin maƙwabcina shi ma. Mai ɗakina na same ta a zauren wasu mutane a tudu, matar maginin ce ta janye ta tun kafin ginin ya faɗi. Shi kuwa saukarsa daga mota ke nan, yana tsaye cikin ruwa da shebur yana neman inda zai buɗe masa hanya. Da ya gan ni ya yi mini jaje, sannan ya girgiza kai.

“Kare biyu ke nan ruwa ya ci, naka da nawa.”

“Wane kare?” na ce.

Ya nuna ƙasar da muke tsaye a kai. “Wannan mana, filin gida. Mu can haka muke ce masa, bakin Faransa ne. Ku me kuke cewa?”

Na ce fili. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, har na fi jin ta a kan ɗakin da na rasa.

Muka bi lambatun tare, yana caka shebur, har muka iso bayan gidana inda ramin ya ɓace. Ya tsaya ya daɗe yana duban wurin. Na jira ya ɗago ya dube ni, na ma shirya abin da zan ji. Sai ya ce laifinsa ne da bai kafa ƙaya a gefen ramin ba, ga shi shanun da ake korowa daga Maigatari sun bi ta kai sun rufe shi, ya jawo mini asara. Ya ce in yafe masa.

Na ce, “Shanu ne.”

Shekara tara muka yi muna maƙwabtaka, shi ya tayar mini da ɗakin da hannunsa, kuma har ya koma ƙasarsu ban gyara wannan magana ba.