Buhun Gishirin Yayana

Yayana dako yake yi a tashar jirgin ruwa, ni kuwa ina tuyar ƙosai a ƙofar gidanmu a unguwar Zongo. A shekarun juyin juya hali, lokacin da kowa ya koma kamarad, wato abokin gwagwarmaya, kwamitin unguwa ya shirya wasa a filin lakwal, wato makarantar boko, kan aikin tilas na zamanin Faransawa. Wani malamin lakwal ɗin ne zai fito a Bature. Yaya aka ba matsayin lebura, tunda ba ya jin Faransanci kuma matsayin ba ya buƙatar magana.

Suka ba shi buhu cike da ƙaiƙayi, ya ƙi karɓa.

"Wanda ya san kaya zai gane ƙarya a tafiyata," in ji shi. Ya aro buhun gishiri na gaske.

Ranar wasan, bayan azahar, malamin ya shafe fuskarsa da farar hoda, ya kifa hular kwano, ya riƙe bulala. Muka yi ta dariya. Yaya ya saɓa buhun ya kama zagaya filin. Wani ɗan kasuwa Bakano da ya sayo na'urar bidiyo daga Legas ya bi shi yana ɗauka.

An shirya Baturen zai gudu, lebura ya jefar da kaya, a yi tafi. Zufa ta wanke hodar malamin, ya gudu kamar yadda aka tsara. Yaya bai ajiye ba. Ya ci gaba da zagaye, gishiri na narkewa yana bin gadon bayansa. Ya faɗi, ya tashi da kayansa. Dariya ta mutu. Wani tsoho mai fataucin shanu da ke kusa da ni ya rufe fuska da rawani. Daga baya ya gaya mini mahaifinsa wurin aikin hanyar jirgin ƙasa ya rasu.

Na yi ihu, "Yaya, ya isa haka!" Ko waiwayowa bai yi ba, sai da aka kira la'asar ya sauke.

Shugaban kwamitin ya zo ransa a ɓace. "Kamarad, Bature ya tafi, me ya hana ka ajiyewa?"

Yaya yana haki ya ce, "Ya tafi, ranka ya daɗe. Amma gobe da asuba buhun nan yana jirana."

Ba su ƙara kiransa wasa ba. Kaset ɗin kuwa ya yi farin jini. Leburori daga unguwannin Ladji da Avotrou, waɗanda ko Hausa ba sa ji, suka riƙa cika shagon Bakanon don su gani. Yaya ya daɗe yana ƙin zuwa, sai da na ja shi. Ya zauna yana kallon kansa a talabijin. Can ya taɓa ni.

"Ashe haka bayana yake," ya ce. "Ban taɓa ganinsa ba."