Ashirin da Tara ga Fabrairu a Ɗakin Kaka Orrin

Kakana Orrin Teeter ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin haƙar gishiri da ke ƙarƙashin tafkin Cayuga. Yakan ce a can ƙasa babu Litinin babu Asabar. Da ya ajiye aiki sai ya cika gida da agogunan kalanda masu fuska biyu, ta sama tana nuna lokaci, ta ƙasa kwanan wata. Yawancinsu a rumbunan manoma ya tsinto su. Ɗaya ne ba ya bari a taɓa, na ɗakin girkin mahaifiyarsa, wanda hayaƙin murhu ya mayar baƙi wuluk. A cikinsa akwai ɗan faifan tagulla mai haƙora da ke zagayowa sau ɗaya a shekara huɗu. Shi ke sa agogon ya gane Fabrairu mai kwana ashirin da tara da kansa.

Agogon kowa da tsakar dare yake juya kwanan wata. Kaka ya saita nasa ya riƙa juyawa da tsakar rana.

"Ni ke ba shi mai, ni ke murɗa shi," in ji shi, "sannan ya yi abin kallon ina minshari?"

Duk shekarar da Fabrairu ta ƙaru, yakan kira amininsa Dell Hasbrouck, su zauna gaban agogon da kofi da gurasar tuffa suna jiran sha biyu.

"Ɗan gishiri," Dell zai ce, "sayar min da gawayin nan in wanke shi ya zama agogo."

"Kai da maɓallin rigarka ma a karkace yake? Ci gurasarka ka yi shiru."

Dell yana da irinsa sak, cikin akwatin katako mai sheƙi, amma faifan nasa ya karye, kuma an daina ƙera su tun kafin a haifi iyayensu.

Bara, a watan da na dawo daga jami'a ba aiki, Kaka ya sami shanyewar ɓarin jiki, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Dell ya ce gida ba wuta, sanyi zai daskarar da man agogon, gara ya ajiye shi a wurinsa. Duk hunturun nan maganar Kaka ɗaya ce, da bakinsa da ya karkace: yana son ya ga ashirin da tara sau ɗaya kuma.

Ranar ashirin da takwas na ɗauko agogon daga gidan Dell na jingina shi a kan teburin ɗakin Kaka. Dell ya ce ba zai zo ba, zai je ganin likitan haƙori. Na yanka gurasar, ba wanda ya ci. Sha biyu ta buga, muka ji ƙas. Hannun kalandar ya tashi daga ashirin da takwas, ya tsallake ashirin da tara bai ko tsaya ba, ya faɗa kan ɗaya. Sunan wata ya juya zuwa Maris.

"Buɗe," in ji Kaka.

Na buɗe. Faifan da ke ciki sabo ne fil, yankan gwangwani, ko gefensa ba a goge ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tun kafin a haifi uwarki Dell yake cin gurasata," ya ce. "Rufe, yarinya."

Bai sake tambayar kwanan wata ba har ya rasu a Afrilu.

A watan Mayu masu tara agogo suka yi bajekolinsu a zauren 'yan kwana-kwana. Agogon Dell ne ya ci kyauta, wai komai nasa na asali ne. Na tsaya gaban Dell.

"Kawu Dell, faifan nan na wa ne?"

Ya gyara zaren kyautar da ke rataye jikin akwatin.

"Haba 'yata, kada ki ɗaga murya. Duk wanda ke zauren nan ya taɓa cire wani abu daga wani agogo. Faifan ya sami gidan da ya dace da shi. Na ɗauka ma kakanki ba zai kai Fabrairu ba."

Mutumin da ke gefensa ya tambaye ni nawa zan sayar da baƙin agogon, tunda yanzu ba cikakke ba ne.

Agogon yana ɗakina. Ina murɗa shi duk Lahadi kamar yadda Kaka ya saba yi. Amma in sha biyun rana ta gabato, fita nake yi waje, don har yanzu ba na iya jin ƙas ɗin nan.