Firjin da Toktosun Ya Lulluɓe da Bargo

Shekara arba'in da ɗaya Toktosun ya yi yana hawa dutse da ƙudan zumansa. Da zarar ƙanƙara ta narke a tuddan da ke saman garin Toktogul, furanni suka buɗe, sai ya loda amyoyinsa a bayan tsohuwar motarsa, matarsa Saparbu ta zauna a gaba da butar shayi a cinya. Ba sa saukowa sai ciyawa ta bushe. Mutum ne mai ƙarancin magana da taurin kai. Ba zai musa maka ba, zai ma gyaɗa kai ya ƙara maka shayi, amma abin da ya yi niyya shi zai yi.

Da farko a tanti suke kwana. Daga baya ya samu wago, ɗan ɗaki mai taya biyu da ake ja da mota, wanda wasu Turawa 'yan yawon duniya suka bari a gari. A ciki akwai gado da murhu da wani ƙaramin firji mai aiki da gas. Ba su taɓa kunna shi ba. Mai cin burodi da busasshen cuku da zuma me zai yi da firji? Saparbu ta mayar da shi ma'ajiyar fulawa da sukari, tunda ɓera ba ya iya shiga.

A bangon da firjin ya jingina akwai ramuka biyu masu raga, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Mu kuwa a nan, ka kawo mana kura mu zauna da ita, amma ban da iskar da ke kurɗowa ta kafa. Ciwon baya, ciwon wuya, mura, duk ita ake ɗora wa. Ranar farko da Saparbu ta ji tana kaɗa mata a ƙafa, ta samo ulu ta cusa a ramukan nan tam, ta ɗinke da tsumma. Toktosun ya yaba mata, aka manta da zancen.

Ana nan sai ciwon suga ya kama Saparbu, har ya kai ga allura kullum. 'Yarsu Jipara, wadda ke aikin jinya a gari, ita ta kawo maganin wata uku a kwali ranar da za su tafi.

"Ata," ta ce wa ubanta, don haka muke kiran uba a nan, uwa kuma Apa, "maganin nan zafi ne makashinsa. Kwalbar da ake amfani da ita za ta iya zama a waje, sauran kuwa sai sanyi. Wagon nan da rana tanda ne. In ba za ka iya ba, ka bar min Apa a gida."

"A bar ni a gida na zama tsohon takalmi?" in ji uwar. "Ai muna da firji. Baban Jipara, gaya mata."

Toktosun ya gyaɗa kai.

Da suka isa ya kwashe fulawa, ya jona gas, ya kunna 'yar wutar da ke bayan firjin. Washegari ciki ya yi sanyi, ya ji daɗi. Amma da watan Yuli ya matso, rana ta fara dukan bangon ƙarfen, sai ya lura sanyin yana ja da baya. Ya yi abin da duk ɗan dutse zai yi. Tun yana ƙarami ya ga ana naɗe ƙanƙara a bargon ulu ta kwana uku ba ta narke ba, haka ake yi wa salkar nonon goɗiya. Ya ɗauko bargon auren Saparbu, mai kaurin yatsa biyu, wanda uwarta ta kirɓa da hannunta, ya lulluɓe firjin sama da gefe, ya tura sauran a baya. Mafi kyawun abin da suka mallaka ya ba shi. Kullum in ya buɗe ya ji babu sanyi sosai, sai ya ce zafin bana ne ya yi yawa, ya ƙara gyara bargon.

A sati na shida Saparbu ta fara shan ruwa ba ƙoshi. Tana yin allura a kan lokaci, amma jiki sai ƙara nauyi yake. Wata rana da hantsi ya dawo daga wajen amya ya tarar da ita zaune a ƙofa, ta kalle shi ta kira shi da sunan ƙanenta da ya rasu tuntuni. Ya sa ta a mota. Tafiyar awa uku ce, bai san yadda ya yi ta ba.

Kwananta tara a asibiti. Jipara ta sami ubanta a baranda riƙe da hularsa, kwalin maganin na hannunta.

"Duka ya lalace, Ata. Ruwa take ta sa wa jikinta." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Apa ta gama hawa dutse. Ka koma wajen ƙudanka."

Ya koma, domin zuma ba ta jiran kowa. Karo na farko a rayuwarsa ya dafa shayi ya zuba a kofi ɗaya. Baƙin ciki ya kama shi sosai, da kunya, don ya san da hannunsa aka yi ɓarnar, ko da yake bai san ta ina ba. Saparbu kuwa tana bene, hawa na huɗu, a gidan 'yarta, tana wuni a taga. In ya hau tudun da ake samun waya ya kira, ba ta tambayar lafiyarsa sai ta ce, "Farin furen nan na bakin kwari ya buɗe?"

Wata rana da tsakar rana yana tsugune gaban amya, ya ga ƙudan sun jeru a bakin ƙofa, kai ƙasa, suna ta kaɗa fukafukai suna fitar da zafi. Ba tare da tunani ba ya miƙa hannu ya zare toshiyar ramin sama, kamar yadda ya saba, don iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Sai ya tsaya da toshiyar a hannu. Shekara arba'in bai taɓa lulluɓe amya da bargo a watan Yuli ba. Wanda ya yi haka ai mahaukaci za a kira shi.

Ya shiga wago ya yaye bargon, ya kunna firjin, ya jira. Da ya zura hannu a baya, ƙarfen ya ƙone shi. Ashe abin nan ba ƙanƙara ba ne da za a ɓoye. Zafi yake kwasowa daga ciki yana turowa baya, su kuma sun toshe masa duk hanyar fita.

Ya zagaya waje ya farke ɗinkin Saparbu, ya zaro ulu da ya yi baƙi, har da tsohuwar sheƙar ɓera. Ramin sama ya yi masa ƙanƙanta, ya sa almakashin kwano ya faɗaɗa shi. Ya lanƙwasa murfin wata tsohuwar amya ya kafa a bayan firjin, yadda iska ba ta da mafita sai ta ratsa ƙarafan nan masu zafi. Ya ja wagon ya juya wannan bangon ya kalli arewa, ya yi masa rumfa. Don firjin ya zauna daidai ba karkata, ya ajiye kofin shayi cike a kansa, yana cusa duwatsu ƙarƙashin taya har shayin ya daidaita da bakin kofin. Da mai sayen zuma ya zo, ya aike shi ya kawo masa 'yar fanka kamar tafin hannu da ma'aunin zafi. Ya jona fankar a batirin sola, ya ɗaure ta a ramin sama tana hura waje.

Bai roƙi Jipara ba, don bai iya ba. Kullum dai ƙarfe biyu na rana, lokacin da zafi ya fi tsanani, sai ya ɗauki hoton ma'aunin a cikin firjin, ya hau tudu da gwiwarsa mai ciwo, ya aika mata. Digiri biyar. Shida. Biyar. Daidai sanyin da maganin yake so. Ba ya rubuta ko kalma. Kwana goma sha ɗaya ba ta amsa ba.

Ran na sha biyu mota ta tsaya a ƙasan kwari. Jipara ta fito da nata ma'aunin, ta sa a firjin ta zauna tana jira. Saparbu kuwa, ta rame har kallabinta ya yi mata yawa, ta zagaya wagon tana dogara sanda, ta tsaya gaban ramukan.

"Wa ya farke min ɗinki?"

"Ni ne, tsohuwa."

"Shekara goma sha biyar ina kare maka baya daga iska, ka zo ka ƙara wa ramin girma." Ta kai tafinta ga ramin sama, ta ji ɗumin da ke fita. "Ashe ni na fara shaƙe shi," ta ce a hankali.

"Ke kin toshe, ni na lulluɓe. Mu biyu ne."

Jipara ta fito ta dubi ma'auninta, ta dubi ubanta. Ta koma mota ta ɗauko kwalin magani da jakar kayan uwarta, ta jera maganin a layin sama na cikin firjin.

Bazara uku Saparbu ta ƙara yi a kan dutse. Tana kwana da gyale a wuya saboda iskar, tana mita kullum safiya, ba ta kuma sake taɓa ramukan ba. A hunturu na uku ta rasu a gari, cikin ƙanƙara. Da bargon aurenta aka rufe gawarta zuwa maƙabarta.

Toktosun yana nan, yana hawa har yanzu. Makiyayan kwarin sun san da firjin, suna kawo nasu maganin da na dabbobinsu, ba ya mayar da kowa. A ƙasa yake jera musu, ko da sun matsu. Bara wata mata ta kawo kwalabenta ta ga babu wuri, ta miƙa hannu za ta sa a sama inda babu komai. Ya riƙe ƙofar a hankali.

"Ba nan ba, 'yata," ya ce. "Nan akwai mai wuri."