Wadda Ta Kwantar Min da 'Yata

Jama'a, wannan labarin ba a majalisa na tsinto shi ba, a kaina ya faru, Allah shi ne shaidata. A lokacin adaidaita sahu nake tuƙawa, ina jigilar fasinja daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni har Unguwa Uku, muna zaune ni da matata Sa'adatu a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗin. Daga ƙauye muka taho tare, ba mu da kowa a birni sai Allah sai maƙwabta.

Haihuwarta ta fari ce. Ta sauka lafiya a asibiti, 'ya mace, har ta ba ta nono, har ta tsokane ni wai yarinya ta kwaso kunnuwana. Ba a jima ba jini ya ɓalle mata, likitoci sun yi iya yinsu, wallahi a kan idona, amma kwana ya ƙare. Na tafi da mata, na dawo da jaririya a cikin tawul. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Surukata tsohuwa ce ba ta iya tafiya, sai ƙanwar baban Sa'adatu, Gwaggo Tabawa, ta zo zaman makoki. To kun san halin mutanenmu, tausayi ne ba mugunta ba, duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta ce a miƙo mata marainiyar, ta ɗauka ta yi kuka a kanta ta miƙa wa ta kusa da ita, tun safe yarinyar nan tana yawo daga hannu zuwa hannu. Sai barci ya ƙaurace mata. Da ta fara lumshe ido sai ta zabura kamar an tsikare ta, ta banƙare, ta dunƙule 'yan hannuwanta, ta yi ta tsala ihu har muryarta ta dushe ta koma kamar ta 'yar kyanwa. Madarar gwangwanin da muke haɗa mata a fida ma sai ta kama ta saki. Aka yi tofi, aka yi addu'a, abu ya ƙi. Ni kuwa zuciyata ta gama ba ni cewa ita ma bin uwarta za ta yi.

Na ɗauke su ita da Gwaggo na kai wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Wata nas ta duba ta tsaf, ta ce, "Malam, ba zazzaɓi, cikinta lafiya. Gajiya ce ta yi mata yawa."

Na ce, "Sista, gajiya ai barci take sawa."

Ta ce, "A wajen babba ke nan. Jariri in lokacin barcinsa ya wuce, gajiyar ce take hana shi. Ku daina ba mutane ita. A rage haske, a rage hayaniya, a naɗe ta a zani mara nauyi, a rungume ta a ƙirji ana jijjigawa a hankali, in ta yi barci a kwantar da ita rigingine. Kuma da kun ga tana hamma tana kau da kai, kada ku jira kuka. Ina maman tata?"

Gwaggo ta faɗa mata. Matar nan ta sunkuyar da kai, ta ce Allah ya jiƙanta da rahama.

Da muka dawo bayan azahar na ce wa Gwaggo ta je ɗakin maƙwabciyarmu Maman Abba ta ɗan miƙe, don tsohuwar har layi take yi don rashin barci, kuma bango ɗaya ne ya raba mu. Na saki labule, na naɗe yarinya kamar yadda aka ce, na ɗora ta a ƙirjina ina kai da kawowa. Ina! Ga zafi, ba wuta, gumi yana zuba, ita tana ta ƙoƙarin kama rigata da baki tana neman abin da ba ni da shi. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ƙato da ni. Allah ya yafe min, har na buɗi baki na ce, "Sa'adatu, kin tafi kin bar min abin da ban iya ba."

Aka kira la'asar. Na ajiye ta a katifa tana kukanta, ta ma shure zanin ya warware, fidarta cike a kan kujera ko taɓawa ba ta yi ba. Na fita bakin rariya ina alwala, ina fuskantar ƙofar ɗakin, kuma ƙofar ɗaya ce, tagar ma da ƙarfe a jiki. Wallahi tallahi babu wanda ya gifta ta gabana.

Ina wanke ƙafa sai kukan ya ɗauke ɗif. Na ce shi ke nan, ta cika. Na taso ba takalmi, ina zuwa bakin labule sai na ji murya. Muryar mace, ƙasa-ƙasa, ba magana ba ce, irin gunjin nan da uwa take yi a maƙogwaro in tana lallashi. Na ɗaga labule. Ba kowa. Amma gefen katifar a lotse yake, ina kallo yana tasowa a hankali, kamar yadda yake yi in mutum ya tashi daga zaune. Yarinya kuwa tana kwance rigingine, a naɗe tsaf, irin naɗin da hannuna bai taɓa iyawa ba, tana barci tana sauke ajiyar zuciya.

Na zube a ƙasa. Na kama Ayatul Kursiyyu na kasa kai ta ƙarshe. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji, amma abin da ya fi tsoron shi ne na so a ce na ɗaga labulen tun kafin ta tashi.

Sai wajen magariba Gwaggo ta shigo tana raɗa, "Wace baiwar Allah ce ta zo? Muna jin ta ta bango tana lallashi, har na ce da Maman Abba Allah ya yi wa matar nan albarka."

Na ce, "Gwaggo, ba wadda ta shigo."

Ta dube ni, ta dubi fidar da take cike, ta durƙusa kan yarinya. A gefen bakinta akwai ɗan fari-fari da ya gangaro. Ta dangwala da yatsa ta sansana.

Ta ce, "Wannan ba na gwangwani ba ne." Ta goge hawaye da gefen mayafinta. "Ka kama bakinka, ɗan nan."

Na je wajen limamin unguwa, ya ce wanda ya rasu ba ya dawowa, amma rahamar Ubangiji ba a ƙayyade mata hanya, in yi wa mamaciya addu'a in bar bincike. Na yarda da maganarsa, har gobe. Abin bai sake faruwa ba. Daga ranar yarinya ta kama barci, muka bi abin da nas ta faɗa, ta kama madara ta murmure. Bayan arba'in Gwaggo ta tafi da ita ƙauye, don ba yadda za a yi in goya jaririya ina tuƙi. Yanzu tana firamare, ban taɓa ba ta labarin nan ba, ban ma san ta ina zan fara ba.

Shawarata gare ku, in kun je barka ko gaisuwa, ku ji tausayin jariri ku bar shi ya huta, addu'arku daga nesa ma tana isa gare shi. Kuma ku riƙa yin sallama kafin ku ɗaga labule. Ni dai tun daga la'asar ɗin nan ban sake shiga ɗaki ba sallama ba, ko da na tabbata ba kowa a ciki.