Ɗigo Uku na Don Arcesio

Duk wanda ya taɓa bin tseren keke na zagaye ƙasa ya san cewa kafin mai kofi ya hura wuta, Don Arcesio Guatibonza ya riga ya fito. Za ka same shi a bayan masauki, ko a sanyin garin Duitama ne ko can ƙasar zafi, ya zura kai cikin bargonsa na ulu mai ruwan toka, ya jera kekuna takwas a jikin bango. Ba ya gaisawa da kowa tukuna. Sai ya ɗaga ƙafar gaba ya wulwula ta, ya kara kunne. Ya ɗaga ta baya, ya kara kunne. Ya matsa birki, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya danna taya da babban yatsa. Sai ya gama da keke na takwas sannan zai juyo ya ce, "To Nemesio, ka tashi, ko har yanzu barcin kake yi a tsaye?"

Nemesio ni ne, direban motar da ke bin 'yan tserenmu a baya. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana zaune a kujerar bayana, ƙafafun keke biyu a kan cinyarsa, yana kushe yadda nake shan kwana.

A watan jiya ya yi tserensa na ƙarshe, bayan shekara arba'in da ɗaya yana kanikancin ƙungiya. Idanu ne suka fara gazawa. Ba a yi wani taro ba. An miƙa masa rigar ƙungiya da kwalin alewar gwaiba, aka tafa sau biyu, kowa ya nufi motarsa. Ni ba marubuci ba ne, hannuna sitiyari ya sani. Na ɗauki biro ne domin akwai tabo a sunan mutumin nan yau shekara goma sha shida, tabon kuma ba nasa ba ne, nawa ne. Zan zo wurin. Bari in fara da abin da idon kowa ya gani.

Kwana goma sha ɗaya ake yi ana tseren nan, kullum sabon gari. Idan 'yan tsere suka iso da la'asar, su sai wanka da tausa da abinci. Shi kuwa a lokacin aikinsa yake komawa sabo: ya wanke keke takwas, ya kwance abin da ya kamata a kwance, ya ɗaure, ruwa na bin hannun rigarsa har gwiwar hannu. Abincinsa kan huce a kan bonet ɗin motata. Na sha ganin ya fito da rabin jikinsa ta tagar mota muna tsala gudu, kocin ƙungiya ya riƙe masa bel da hannu biyu, shi kuma yana gyara wa ɗan tsere giya ba tare da kowa ya tsaya ba. Idan ya dawo ciki sai ya ce, "Nemesio, ramin nan da ka faɗa, da gangan ne ko gadon gidanku ne?"

Wata shekara a kan tudu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka tarar da ɗan tseren wata ƙungiya a tsaye yana kuka, tayarsa ta yi faci, motarsu ta maƙale can baya. Yaron kuwa shi ne ke takara da namu. Don Arcesio ya ce in tsaya. Koci ya yi tsalle a kujera, "Ka haukace? Abokin hamayyarmu ne fa!" Shi dai ya riga ya buɗe ƙofa. Ya sa wa yaron ƙafa daga cikin namu, ya tura shi, ya dawo yana ɗigar ruwa ya ce, "Uwarsa ma tana sauraren rediyo." Yaron nan shi ya cinye mu a ranar, koci ya yi kwana biyu ba ya yi masa magana.

Amma abin da aka fi saninsa da shi ɗigon fenti ne. A wancan zamani tayar tsere da gam ake manna ta a jikin ƙarfen ƙafa, gam ɗin kuma sai ya bushe sosai kafin a hau. Ranar da ya manna taya, sai ya ɗiga farin fenti ɗaya kusa da bakin iska, ya rataye ƙafar a ƙugiyar hagu cikin babbar motar kaya. Washegari ya gwada ta da yatsu, ya ƙara ɗigo. Rana ta uku ya cika ɗigo uku, ya mayar da ita ƙugiyar dama. Ta dama ake hawa, ta hagu ba a taɓawa. Duk sabon da ya shigo ƙungiya sai ya ji wannan karatun har ya gundure shi: "Ka duba ɗigo kafin ka duba agogo." Ni kam na ji shi ya fi sau dubu.

A shekarar da nake magana, gwarzonmu Ferney Cuspoca ne, ɗan yayata Herminda. Ubansa ya rasu tun yana goye, ni na saya masa keken farko, ni na kawo shi ƙungiya. Shekararsa ashirin da uku, kuma a rana ta bakwai shi ne na biyu a duk tseren. A ranar ne za a sauka gangarar kwazazzabon Chicamocha, inda zafin rana da zafin birki suke haɗuwa su dafa ƙarfe.

Da safiyar ranar na makara a gidan mai. Na iso koci yana ta ihu, Don Arcesio yana can bakin layin tashi yana daidaita wa wani sirdi. Na faɗa motar kaya a guje, na kwaso ƙafafun canji, na watsa a kujerar baya. Ban duba hagu ko dama ba.

Daf da kan tudu 'yan tserenmu biyu suka gogi juna. Ɗaya sarƙarsa ta cije, Don Arcesio ya ruga wurinsa. Ferney kuma ya ɗaga hannu yana ƙwala mini kira, "Kawu, ta gaba! Ta gaba, yi sauri!" Na diro, na finciko ƙafa, na sa masa, na tura shi da duk ƙarfina. Ya waiwayo yana dariya ya ce, "Sai mun haɗu a ƙasa, tsoho, in motarka za ta iya!"

A kwanar hanya ta shida cikin gangarar muka same shi. Tayar gaba ta saluɓe daga ƙarfe, ya daki dutsen gefen hanya da baya. Idonsa biyu, yana ta tambaya ko wani ne ya danne masa ƙafafu. Babu wanda ya danne su.

Da motar asibiti ta tafi da shi, Don Arcesio ya gangara cikin kwazazzabo ya ɗauko ƙafar keken. Ya juya ta, ya nemo bakin iska, ya duba. Ya ɗago ya dube ni. Ɗigo ɗaya ne. Wallahi a lokacin da ƙasa za ta tsage, da na shige. Sai na ga ya zaro 'yar kwalbar fenti daga aljihu, ya ɗiga biyu a gefen na farko, yana hura musu iska da baki.

Na ce, "Don Arcesio, me kake yi haka?"

Ya ce, "Rufe mini baki. Ka ga yadda ya kwanta? Yaron nan ya gama tafiya da ƙafa. Wa zai ɗauke shi ya kai shi bayan gida? Herminda, da bayanta ya riga ya mutu? Ni zai iya tsanata daga nesa, ba abin da zai rasa. Kai kuwa a kusa yake buƙatarka. Shiga ka ja mota, muna da yara bakwai a kan hanya."

Na shiga na ja mota. Wannan shi ne abin da na yi, kuma shi na ci gaba da yi shekara goma sha shida.

Alƙalan tsere suka karɓi ƙafar, suka ga ɗigo uku. Kafin a kai ƙarshen mako magana ta zagaye ko'ina: gam ɗin Guatibonza ya saki. Akwai wata ƙungiya a Turai da ta riga ta aiko masa takardar tafiya, sai aka ji shiru. Yaran da ya koya wa riƙe sifana suka fara danna tayarsu a gabansa, su kalli juna. Manyan ƙungiyoyi suka daina kiransa, ya koma bin ƙanana, ni ma na bi shi, don ban iya kallon wani a kujerar bayana ba. Ranar kasuwa a Duitama, Herminda ta tare shi a gaban masu albasa ta ce, "Kai ne ka kashe wa ɗana ƙafafu, kuma kana yawo da naka. Allah ya isa tsakanina da kai!" Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya ce, "Ki yi haƙuri, Doña Herminda." Ina tsaye a bayanta, buhun dankalinta a kafaɗata, ban ce uffan ba.

Don Arcesio, kai ne mutumin da aka tofa wa yawu a bainar jama'a saboda laifina, washegari kuma ka miƙo mini rabin ruwan mazarƙwailarka a mota. Ko sau ɗaya ba ka taɓa goranta mini ba. Da ka zage ni, da ka mare ni, da na fi samun barci.

Ba a nan ya tsaya ba. Duk bayan wata uku nakan kwance ƙafafun keken guragun Ferney in ce zan kai garin Sogamoso gyara. Ƙarya nake, shagon Don Arcesio nake kai su. Ya daidaita wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sa giris, ya wulwula, ya kara kunne kamar gobe za a hau su tsere. Kuma saboda hannu ya saba, sai ya ɗiga fenti uku ta ciki.

Abin da ya karya ni a watan jiya ya faru, safiyar rana ta ƙarshe. Yanzu an daina manna taya da gam, amma shi bai daina ɗigonsa ba, duk ƙafar da ya gama dubawa sai ya yi mata. Na same shi ya kai wata ƙafa daf da hancinsa, ya nesanta ta, ya sake matso da ita. Sai ya miƙo mini, murya ƙasa ƙasa ya ce, "Nemesio, duba mini, ɗigo nawa ne a nan?" Ni! Duk duniya ni ya ba amanar ƙirga ɗigo. Na ce uku ne, na zaga bayan mota na yi kukan da ban yi ba a Chicamocha.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, na zaunar da Herminda da Ferney na faɗa musu komai. Ludayi ya faɗi daga hannun Herminda. Ferney ya shafa ƙafar kujerarsa. Can ya ce, "Ka ɗauka ni makaho ne, Kawu? Shekara da shekaru ina ganin ɗigon nan uku. Na san ba a Sogamoso ake gyara ta ba. Na zaci gafara yake nema, ni kuma na rantse ba zan ba shi ba." Ya ja numfashi ya ce, "Fita mini daga gida."

Tun ranar bai bari na taɓa shi ba. Maƙwabci ne yake zuwa ya ɗaga shi safe da yamma. Ashe duk abin da Don Arcesio ya hango a bakin kwazazzabo gaskiya ne. Da na je na gaya masa, ya buga sifana a kan tebur ya ce, "Wa ya aike ka? Shekara goma sha shida ina riƙe da abin nan, ka zo ka ɓanɓare shi a yini ɗaya! Yanzu wa ya ci riba?" Na dai san ba zan iya bari ya tafi gida da kayana a kansa ba.

Ranar Laraba ina tsallaken titi na hango Herminda tana tura Ferney, suna hawa layin shagon Don Arcesio, tukunya a naɗe cikin tsumma a kan cinyar Ferney. Don Arcesio bai gane su ba sai da suka zo bakin ƙofa. Da ya gane, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, irin yadda ya yi a kasuwa, yana jiran zagi. Herminda ta kama hannunsa da hannu biyu, ta sunkuya ta ɗora goshinta a kai. Ban ji abin da suka ce ba. Ba a kira ni ba, ni ma ban tsallaka ba.

Don Arcesio, na gode. Na gode a madadin duk yaron da ya sauka gangara a kan aikin hannunka ya koma wa uwarsa lafiya, da kuma a madadin wanda bai koma lafiya ba, wanda ka yi shekara goma sha shida kana gyara wa kujera a ɓoye. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta. Ku kuma matasan kanikawa da kuke danna taya a gabansa kuna kallon juna, ku je shagonsa tun yana da ƙarfin koya muku, ku cire hula a bakin ƙofa. Ku koyi haƙurinsa na kwana uku, ku duba ɗigo kafin ku duba agogo. Kada kowa a cikinku ya koyi shiru irin nawa.

Duk wanda ya taɓa cewa gam ɗin Guatibonza ya saki, ya ji daga bakin wanda yake wurin. A ƙafar keken nan ɗigo ɗaya ne. Biyun da alƙalai suka gani, mutumin kirki ne ya sa su don ya rufa wa matsoraci asiri. Ni, Nemesio, kawun Ferney, ni na ɗauko ta daga hagu.