Ranar da Hannun Tabarauna Ya Fita

Ranaku da yawa sun wuce ni ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma ranar auren 'yata ta fari, ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga raina. Ba rawar da aka yi nake tunawa ba, ba kuma abincin ba. Wani ɗan sukuru ne da bai kai ƙwayar shinkafa girma ba.

Ƙarshen damina ne. Ruwa ya fara ja da baya, ciyawa ta yi tsayi har ta rufe hanyar gonarmu a Madakiya, ganyen citta kuma ya fara sake launi. Da safe gajimare yakan sauko ya kwanta a kan dutsen Kagoro kamar ya gaji da tafiya, in ka leƙa sai ka rasa inda dutse ya ƙare sama ta fara. Haka shekarar ta kasance mini gaba ɗayanta, kamar ina tafiya a cikin barci. Tun ruwan farko maigidana ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi ta bar masa sauti kaɗan. Mutumin da ya yi aikin reluwe a Kafanchan har ya yi ritaya, wanda shi ke tsayawa ya yi karatun nassi a cocinmu muryarsa ta cika ko'ina, sai ga shi a kujera ƙarƙashin mangwaro, yana kallon kaji.

Ni ban yi makaranta ina yarinya ba. Sai da yarana suka girma na shiga ajin yaƙi da jahilci. A can malamarmu ta lura ina nesanta littafi da fuskata kamar yana wari, ta ce in je a duba mini ido. Maigida ya kai ni Kafanchan aka ba ni tabarau mai ruwan ƙasa. Ranar da na fara sa shi, baƙaƙe suka tsaya wuri ɗaya kamar yaran da malami ya shigo musu aji.

Mata da yawa a ajinmu suna da tabarau, amma ba wadda nata bai ga wahala ba. Wata ta ɗaure hannun nata da zare, wata da roba, wata kuma hannu ɗaya ya rage mata, sai ta karkata kai tana karatu. Nawa kuwa shekara da shekaru bai taɓa yin ko motsi ba. Ƙawata, wata maƙwabciyarmu mai yawan barkwanci da muke zumuntar mata ta coci tare, takan ce, "Ke dai gilas naki daga Turai ya zo. Namu na kasuwa ne, iska ma yana kwance shi." Nakan yi murmushi kawai. A raina na yarda cewa na yi dace da mai kyau ne.

Bayan ciwon maigida, wani abu ya fara faruwa. In na zauna gabansa ina ba shi kunu, sai ya ɗaga hannun hagu, wanda ya rage masa, ya miƙo shi wajen fuskata. Nakan kama hannun in ɗora a kumatuna in ce, "Ina nan, Baba, ba inda zan je." Sai ya girgiza kai, ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya sake miƙowa. Ni kuma in sake riƙewa. Duk zamanmu shi ba mai irin wannan ba ne, ko a gaban yara ko a bayansu. Na ce ciwo ya tausasa masa zuciya. Ba zan ɓoye ba, abin yakan yi mini daɗi, har nakan daɗe da kofin kunu a hannu don ya sake.

A cikin watannin nan kuma tabarauna ya fara zamewa zuwa kan hancina. In na sunkuya tsintar acca sai ya gangaro. Na ce ramewa na yi saboda jinya, fuskata ta ragu. Nakan tura shi sama da yatsa in ci gaba da aikina.

An riga an sa ranar auren kafin ciwon. Da dangi suka kawo maganar a ɗaga, maigida ya dinga buga hannun kujera har suka yi shiru. To, saura karatun nassi. Tun yarinyar tana ƙarama yake ce mata shi zai karanta ranar aurenta. Wata rana da yamma ta zo ta zauna kusa da ni ina gyaran ganye, ta ce, "Mama, ke za ki yi karatun Baba."

Na ce, "Ni? Ga dattawan coci, ga ƙannenki da suka yi makaranta?"

Ta ce, "Ba na son na dattawa. Daga gidanmu nake so ya fito, daga littafin Baba."

Ban taɓa karatu a gaban taro ba. Karatuna na tsakar gida ne, a hankali, da yatsa a ƙarƙashin layi, don in na ɗaga yatsa sai layin ya ɓace mini. Haka na dinga koyo kullum da rana a ƙarƙashin mangwaro. Yana zaune yana saurare, ido a rufe, in na yi tuntuɓe ya buga kujera, in koma baya. Har na zo ina jin kalmomin suna bina gona, suna bina rafi.

Ranar Asabar ɗin auren, a wata coci a Kafanchan aka yi, ta dangin ango. Ƙawata ce ta ɗaura mini gwaggwaro, ta yi shi da faɗi har na ce mata ba zan shiga mota ba. Ta ce, "Uwar amarya ne ke, bari mota ya yi haƙuri." Coci ta cika, ga zafi, gilashin ya dinga yin gumi. Sai na yi abin da na saba, na tura tabarau sama na ɗora shi a kan ɗaurin kaina. Ban yi tunanin cewa ɗaurin yau ya fi na kullum faɗi ba, yana buɗe hannuwan tabarau kamar ana buɗe bakin buhu. Aka zaunar da maigida a gaba, cikin kwat ɗinsa na da, an maƙala masa fure a ƙirji.

Fasto ya kira uwar amarya. Na tashi, littafin maigida a hannun hagu, na hau na tsaya gaban makirfo. Na kai hannun dama na jawo tabarau da hannu ɗaya. Na ji wani ɗan ƙara, kamar tsakuwa ta faɗa cikin kwano daga nesa. Hannun tabarau ɗaya ya rage a tsakanin yatsuna, sauran ya faɗo a kan littafin.

Har yau in na rufe ido ina ganin abin da na gani a lokacin. Fuskoki duk suka narke. Ankon mata ya zama ruwan shuɗi yana kaɗawa a hankali, farar rigar amarya ta zama kamar gajimaren nan na kan dutse, hasken taga ya malalo a ƙasa. Na dubi littafin, baƙaƙen sun zama tururuwa suna tafiya inda suka ga dama. Ban ji tsoro nan da nan ba. Sai na ji kamar ba ni ce a tsaye ba, kamar ina can gona ina hango wata mata da babban ɗauri ta rasa abin yi.

Na ɗauki tabarau na riƙe a fuska da hannu ɗaya, na sa yatsa a layi. Fanka ta sama ta juya shafin. Na saki layi na danne shafi, sai na rasa inda zan fara. Na saki tabarau don in nemo wurin, ya karkace ya rataye a kunne ɗaya. Hannu uku aikin yake so, ni kuwa biyu Allah ya ba ni. Kalmomin da suka yi ta bina rafi, na neme su a kaina, ko ɗaya ban samu ba.

Wani dattijon cocin ya matso da ladabi ya ce, "Mama, ba damuwa, kawo in taimake ki." Mutumin kirki ne, ba da raini ya faɗa ba. Na fara miƙa masa littafin. A raina na ce shi ke nan, yarinyar nan abu ɗaya ta roƙe ni.

Sai na ji bugu. Na san bugun nan, na kujerar ƙarƙashin mangwaro ne, amma yau da ƙarfi, ba tsayawa. Na janye littafin na rungume shi. Ƙawata, Allah ya yi mata albarka, ta ɗaga waƙa daga cikin mata, masu kiɗan tulu da caki suka karɓa, coci ta ɗauka kamar dama haka aka shirya. A cikin waƙar na ga farin gajimaren nan ya tashi daga wurinsa ya nufi ubansa.

Sai na ji muryar amarya: "Mama! Baba na kiranki. Zo da gilashin, duka biyun."

Na sauko na durƙusa a gabansa. Yana ta jan furen ƙirjinsa da hannun hagu. Amarya ta gane kafin ni, ta cire ɗan fil mai rufewa da aka maƙala furen da shi. Ni na riƙe tabarau, shi ya karɓi hannun da ya fita, ya kai shi mahaɗinsa. Yana isa wurin sai ya tsaya cik, ramukan suka daidaita. Yarinyar ta zura fil ɗin ta rufe.

Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, hawaye na ɓata mata kwalliya. "Mama, tun da Baba ya kwanta ba wanda ya ɗaure miki shi, ko?"

Na ce, "Ɗaure me?"

Ta dube ni. "Ba ki sani ba? Duk Asabar in kin tafi kitso kin bar shi a kan tebur, Baba yake ɗauka ya ɗaure sukuran, ya goge, ya mayar inda kika ajiye. Tun ina sakandare nake ganinsa. Shi ya sa yake ta miƙo hannu fuskarki, yana ganin yana zamewa."

Waƙa na tafiya, tulu na amsawa. Na dubi mutumin nan, kamar ba kowa a cocin sai shi. Na ce a hankali, "Ashe, Baba, ba kumatuna kake nema ba."

Rabin fuskarsa ya yi dariya, har kafaɗarsa na motsi. Na sa tabarau, ya miƙo hannu ya gyara masa zama a bayan kunnena. Da ya gama, hannun bai koma da wuri ba. Ko gyaran ne bai ƙare ba, ko wani abu ne daban, ban tambaya ba, har yau kuma ban tambaya ba.

Na koma na tsaya. Fil yana lilo a gefen idona, baƙaƙe sun dawo sun tsaya a layi. Na sa yatsa na fara. A hankali na karanta, yadda nake yi a tsakar gida, muryata ba ta cika coci ba amma an yi shiru har ta kai baya. Na kai ƙarshe ban ji bugun kujera ba. Da jama'a suka ce amin, na ji wani sauti mai kauri daga gaba ya biyo bayansu shi kaɗai, a makare. A wajen cin abinci ƙawata ta zo tana kallon fil ɗin ta ce, "Yawwa, gilas na Turai ya shigo zumunta. Sannu da zuwa."

Yanzu da shekaru suka wuce, na san abubuwan da ban sani ba a lokacin. Na san tabarau da hannu biyu ake cire shi, ba a ɗora shi a kan ɗauri, kuma ɗan sukurun nan kullum yana kwancewa kaɗan-kaɗan ko da ba ka yi masa komai ba. Amma babban abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka ga abu a gidanka ya daɗe bai lalace ba, kada ka yi saurin cewa mai kyau ne ka saya. Ka duba da kyau, wataƙila akwai wanda yake bin bayanka yana ɗaurewa bai faɗa maka ba. Gara ka san shi tun hannunsa yana aiki.

Washegari da safe, kafin a buga ƙararrawar coci, na fito da shi ƙarƙashin mangwaro, raɓa ba ta bushe ba tukuna. Na ce ya nuna mini inda kayan suke. Ya nuna saman kabad. Na sauko da wani tsohon gwangwanin madara, a ciki akwai ɗan sukundireba da ya wasa da kansa daga wayar keke, da karyayyun tabarau na mutane da ya tara don sukuransu. Na zare fil ɗin jiya, na ciro sukuru ɗaya, ya faɗi a zanena, na nemo shi, ya sake faɗuwa. Shi ya riƙe tabarau a gwiwarsa, ni na juya, ina lalube don idona ba ya gani sosai. Da sukurun ya tsaya na so in ƙara ƙarfi, ya buga kujera, na bari. Na sa tabarau da hannu biyu, na sunkuya, na girgiza kai, bai motsa ba.

Sai na riƙe ɗan sukundireban na ce, "To, Baba, me kuma kake ɗaurewa a gidan nan ban sani ba?"

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofar kicin. Na tashi na nufi can. Ban kai ba na waiwayo, na ga hannun ya riga ya koma yana nuna gugan rijiya.